Kuɗin Goro Da Amsar “Ni Ba Shi Ba Ne”

Kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumban 2001, wani mai gidan mai a garin Mesa na jihar Arizona ta Amurka yana tsaye a bakin wurin sana'arsa ana dasa furanni, sai wata mota ta tsaya aka buɗe masa wuta. Sunansa Balbir Singh Sodhi, mutum mai gemu da rawani. Wanda ya harbe shi, Frank Roque, ya fito ne neman Musulmi don ya huce haushin abin da aka yi wa New York. Daga nan ya wuce ya yi harbi a wani gidan man da wani ɗan asalin Labanan ke aiki, ya kuma harbi gidan wasu 'yan Afganistan. Waɗannan Allah ya tsare su. Sodhi kuwa nan take ya cika. Shi ba Musulmi ba ne, ba kuma Balarabe ba ne, mabiyin addinin Sikh ne daga yankin Punjab na Indiya.

Kalmar da ta fi yawo a cikin labarin ita ce kuskure. An ce an kashe shi bisa kuskure, an ɗauka wani ne daban. A kan wannan kalma muke so mu tsaya, domin tana goye da wata magana da ba a furta ba. In har kashe Sodhi kuskure ne saboda shi ba Musulmi ba ne, to da an dace da Musulmi fa? Ke nan harsashin ya je inda ya kamata?

Ga wanda bai san su ba, addinin Sikh ya tsiro ne a Punjab daga koyarwar Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469. Sun yi imani da Ubangiji ɗaya, yawansu ya kai miliyan 25, kuma namijin da ya riƙe addinin sosai ba ya aske gashin kai ko gemu, naɗe gashin yake yi da rawani. A wuraren ibadarsu akwai madafa da ake ciyar da duk wanda ya zo kyauta, ba a tambayar addininsa. Rawanin nan shi ne mutuncinsu, shi ne kuma ya zame musu abin nuni. Mafi yawan mazan da ke yawo da rawani a titunan Amurka 'yan Sikh ne, amma mai neman wanda ya yi kama da Usama bin Laden ba ya tsayawa tantancewa.

Gwamnatocin ƙasashen da suka yi ƙaura zuwa cikinsu sun ɗauki matakai, akasari bayan an matsa musu. Roque dai bai daɗe ba ya shiga hannu. A 2003 aka yanke masa hukuncin kisa, a 2006 kotun ƙolin Arizona ta mayar da shi ɗaurin rai da rai, kuma a gidan yari ya mutu a 2022. A Birtaniya, tun 1976 majalisa ta yi dokar da ta ba mai rawanin Sikh damar hawa babur ba tare da hular kwano ba. A 1983 kotun ƙarshe ta ƙasar ta duba ƙarar wani yaro da wata makaranta a Birmingham ta ƙi ɗauka sai ya cire rawani ya yi aski, ta ce dokar hana wariya ta kare 'yan Sikh. Kanada ta bar Baltej Singh Dhillon ya shiga aikin 'yan sandan tarayya da rawaninsa a 1990, duk da dubban mutane sun sa hannu a takardun ƙin amincewa. Sojan Amurka sai a 2017 ya sassauta. Faransa kuwa baya ta yi: dokarta ta 2004 ta fitar da hijabi da rawani tare daga azuzuwan makarantun gwamnati. Mu da muka ga shekarun da shari'ar hijabin ɗaliban Legas ta cinye kafin Kotun Ƙoli ta raba gardama a Yunin 2022, wannan gwagwarmaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Matakin da ya fi jan hankalinmu shi ne wanda ya fi kama da aikin akawu. Ranar 5 ga Agustan 2012 wani mai aƙidar fifita farar fata ya shiga wurin ibadar 'yan Sikh a Oak Creek ta jihar Wisconsin ya kashe mutum shida. A lokacin, takardar da hukumar FBI ke tattara alƙaluman laifukan ƙiyayya da ita ba ta da gurbin Sikh. Wato a idon hukuma, irin wannan kisa ba shi da suna. Wata guda bayan haka wani matashi ɗan shekara 18, wanda mahaifiyarsa na cikin mamatan, ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawa ya roƙi a lissafa uwarsa, ko da lamba ɗaya ce a cikin ƙididdiga. A 2013 aka amince, a 2015 aka fara ƙidaya. Maraya bai roƙi ramuwa ba, rubutu ya roƙa, don ya san abin da ba a rubuta ba gobe za a ce bai faru ba.

A Indiya, mahaifar addinin, an ga abin da rashin hukunci ke haifarwa. Ranar 31 ga Oktoban 1984 wasu dogaran Firaminista Indira Gandhi biyu, 'yan Sikh, suka harbe ta. Laifin mutum biyu. Cikin 'yan kwanaki aka kashe 'yan Sikh 2,733 a Delhi kaɗai, bisa lissafin gwamnati, ana gane su da gemu da rawani, 'yan sanda na kallo a unguwanni da dama. Sai a 2005 Firaminista Manmohan Singh, wanda shi ma Sikh ne, ya nemi afuwa a majalisa. Sajjan Kumar, babban ɗan siyasar da aka samu da hannu a kisan, sai a Disamban 2018 aka ɗaure shi rai da rai. Shekara 34. Jaririn da aka kashe ubansa a lokacin ya riga ya zama uba.

Sai dai abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurinmu ba daga gwamnati ya fito ba. A Satumban 2017, Jagmeet Singh, ɗan siyasar Kanada mai rawani, yana taro a Brampton, wata mata ta hau gabansa tana masa ihu, tana zarginsa da son kawo Shari'a. Kalma biyar sun ishe shi ya sallame ta: ni ba Musulmi ba ne. Bai faɗa ba. Daga baya ya yi bayani cewa da gangan ya ƙi, domin faɗin haka tamkar yarda ne cewa da Musulmi ne shi, ƙiyayyar ta halatta. Ƙungiyoyin Sikh da dama a Amurka sun tsaya a wannan matsayi tun 2001, alhali su ne ke shan dukan da aka yi niyyar yi mana.

To me ya haɗa mutumin Wurogauri da rawanin Punjab? Sunan garinmu ma ya isa amsa. Wuro a Fillanci gari ne, gauri kuwa hatsi. Harshen makiyayi ne ya raɗa sunan, abincin manomi ne a cikinsa. A ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna kuma yake kwance, daga Kalgo har Aliero, za ka shiga gida ka tarar kaka na Fillanci, jikoki ba sa jin komai sai Hausa, surukin gidan Bakabe ne ko Bazabarme. In aka ce a tankaɗe mu a raba Hausa da Fulani, rariyar ta cikin ɗakunan kwana za ta bi. Amma duk da haka, amsar da Jagmeet ya ƙi bayarwa ta zama ruwan dare a bakunan 'yan Arewa.

A ƙarshen Maris na 2025, mafarauta 'yan Kano sun taso daga Fatakwal a babbar mota za su gida Sallah. A Uromi ta jihar Edo 'yan banga suka tsayar da su, suka ga bindigogin farauta, aka yi kururuwar masu garkuwa da mutane. Jama'a suka taru aka kashe mutum 16, aka ƙona gawarwaki. Wasu daga cikinsu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure. Ran kowa ya ɓaci, kuma abin da aka yi ta nanatawa a Facebook da TikTok da gidajen rediyo shi ne: mafarauta ne, ba masu garkuwa ba ne. Gaskiya ne, kuma wajibi ne a faɗe ta don a wanke sunan mamata. Amma wasu sun ƙara da cewa ai Hausawa ne, ba Fulani ba ne. A nan maganar ta canza. Mai faɗin haka, ko ya sani ko bai sani ba, yana gaya wa taron Uromi cewa aikinku daidai ne, adireshi kuka ɓata. Kai, ko da a ce masu garkuwa ne aka kama da hannu dumu-dumu, wa ya ba taron bakin titi wuƙar yanka? Ofishin 'yan sanda na garin.

Hausawa na da suna ga abin da aka yi a Uromi: kuɗin goro. A ɗauki laifin wasu a raba wa duk mai kama da su, ba a ware babba da ƙarami. An yi shi a hanyar Rukuba ta Jos a Agustan 2021, inda aka kashe matafiya sama da 20 da ke komawa Ondo daga zikiri a Bauchi. An yi shi a Mangu a Yunin 2025 ga 'yan ɗaurin aure daga Zariya. Amsar “ni ba shi ba ne” ba ta ƙaryata kuɗin goro. Ta yarda da cinikin, roƙo kawai take yi a cire sunanta daga jerin masu biya.

Kuma ko a matsayin dabarar tsira, ba ta cika aiki ba. A Janairun 2021 Sunday Igboho ya ba Fulanin Igangan wa'adin kwana bakwai, aka ƙona gidan Sarkin Fulani. Makonni kaɗan bayan haka kasuwar Shasha ta Ibadan ta kama da wuta. Sanadin rikicin daban ne, amma wutar ba ta tambayi mai albasa ko yana jin Fillanci ba. Wanda ke kallonmu daga nesa doguwar riga yake gani da hula. Wannan ita ce hikimar shafa wa gemunka ruwa in na ɗan'uwanka ya kama da wuta. Sai dai ba ma son maganar ta tsaya a nan, don wannan lissafin tsira da kai ne. Ko da amsar tana aiki, ko da za ta cece mu duka, ba za ta zama daidai ba, tunda tsirar da wuyan wani aka saye ta. Addininmu ya riga ya yanke cewa laifin wani ba ya hawa kan wani, kuma bai ce ban da makiyayi ba.

Ba a Kudu kaɗai ake kuɗin goro ba. Laifi tudu ne. A Oktoban 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa a jihar Sakkwato suka kashe mutum 11, Fulani, har da limami. A cikin watan aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe sama da mutum 40, su ma 'yan kasuwa ne da ba su ji ba ba su gani ba. Kowane ɓangare ya biya bashin da bai ci ba. A Yunin 2017 kuma wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka tsaya a Kaduna suka ba duk Inyamuran Arewa wa'adin 1 ga Oktoba, saboda abin da 'yan IPOB ke faɗi a can. Gwamnatin Kaduna ta ba da umarnin a kama su, a Agusta suka janye wa'adin, magana ta shige.

Akwai abin da za a iya ce mana, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Tsoro gaskiya ne. Iyayen ɗaliban da aka sace a Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 ba mafarki suka yi ba. Mutanen Mera ta ƙaramar hukumar Augie, waɗanda Lakurawa suka kashe musu mutum 15 a Nuwamban 2024 lokacin da suka bi sawun dabbobinsu, ba za ka ce musu kada gabansu ya faɗi in sun hango baƙo da rawani a kan babur ba. Wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ya kuma ji harshen da aka yi cinikin ran ɗansa da shi, ba lacca yake bukata ba. Kuma ɓoye cewa da yawa daga cikin 'yan bindigar dajin Zamfara Fulani ne ba adalci ba ne, yaudarar kai ne, kamar yadda ɓoye cewa masu kai musu mai da burodi da labari daga cikin gari suke yaudarar kai ne. Faɗuwar gaba ba zunubi ba ce. Abin da mutum ya yi da ita shi ne abin tambaya: ya kauce hanya, ya sanar da hukuma, ko ya tare yarinya mai tallan nono a bakin kasuwa ya fasa mata ƙwarya.

Haka nan mutum na da haƙƙin sunansa. Bahaushe ya ce shi Bahaushe ne ba laifi ba ne, kamar yadda Sikh ke da damar koyar da mutane addininsa. Lokacin faɗin da manufarsa su ne abin dubawa. Kuma ba mu ga laifin ɗan dakon da aka ɗora wa adda a wuya ya ce komai don ya tsira ba. Jagmeet na riƙe da makirufo, kyamarori na kallo, magoya baya sun kewaye shi. Maganarmu da masu irin wannan kwanciyar hankali ce, waɗanda ke zaune a inuwa da waya a hannu, ba wanda ke binsu, suna rubuta cewa a raba Hausa zalla da Fulani, a san wanda za a nufa.

Gwamnatinmu fa? A takarda ba ta da laifi. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito, sashe na 41 ya ba shi damar zama duk inda ya so. Amma duk lokacin da hukuma ta tashi yaƙi da ƙiyayya, baki take nufa ta bar hannu. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudirin dokar kalaman ƙiyayya wanda har ya tanadi rataya, jama'a suka yi caa, ƙudirin bai kai ko'ina ba. A 2020 aka ɗaga tarar da hukumar NBC ke ci wa gidajen rediyo da talabijin daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Mutane sun yi zargin masu sukar gwamnati ake hari, kuma zargin na da tushe, tunda dokar kisan kai da muke da ita tun zamanin Turawa ta isa hukunta duk wanda ya ɗauki taya da fetur. Ba sabuwar doka ce ta yi mana ƙaranci ba.

Ga inda muke ganin aikin gwamnati ya haɗu da kuɗin goro. Kotu ita ce wurin da ake kiran mutum da sunansa shi kaɗai. Alƙali ba ya ɗaure Fulani, ba ya ɗaure mutanen Edo, wane ɗan wane yake ɗaurewa, a kan abin da ya aikata ran kaza. Da aka ɗaure Frank Roque, laifin ya sami mai shi, ba wanda ya bukaci ya je ya rama a kan wani farar fata. In kotu ta yi shiru, laifin ba ya ɓacewa, yawo yake yi yana neman wanda zai sauka a kansa, kuma a kan mafi rauni yake sauka: matafiyi, mai talla, makiyayin da ya shigo kasuwa sayen gishiri. Ɓarawon shanun da aka kama aka sake bayan mako biyu, da ɗan sa-kan da kowa ya san ya yi kisa amma yana shan shayi a bakin tasha, su biyun ne ke koya wa jama'a lissafin ƙabila. Bafulatanin da aka fara kore wa shanu bai sami hukuma ba, manomin da aka cinye wa gona bai samu ba, kowa ya koma ga danginsa.

Ba mu raina ziyara da ta'aziyya ba. Gwamna Monday Okpebholo ya dakatar da shugaban rundunar tsaron jiharsa, an kama mutum 14, ya kuma tako har Kano ya yi gaisuwa tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf, kuma hakan ya taimaka wajen hana ramuwa. Mu a Kebbi mun san ƙarfin irin wannan tafiya fiye da kowa. Kabawa da daular Sakkwato da Gwandu sun shafe kusan ƙarni suna yaƙi, har 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya je Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da su a Matan Fada. Bikin kamun kifin da duniya ke zuwa kallo daga wannan ziyara ya samo asali. Amma waccan ziyarar ta zo ne bayan an ajiye makamai, ta rufe abin da ya riga ya ƙare. Ta'aziyyar da ba shari'a a bayanta tana kwantar da hankali ne zuwa motar gaba da za a tare.

Abin da za mu nema daga Birnin Kebbi bai kai gina gada tsada ba, shi ne abin da marayan Oak Creek ya nema. Duk wanda taron jama'a ko 'yan sa-kai suka kashe a jihar nan, a rubuta sunansa, da rana, da wuri, da abin da aka kira shi kafin a kashe shi, da inda shari'arsa ta tsaya, a riƙa bugawa duk shekara. Mun san akwai haɗari, don ƙidayar gawa da sunan ƙabila na iya zama makami a hannun masu hura wuta. Amma yanzu ma ana ƙidayar, a majalisun dare da zaurukan WhatsApp, kowa na lissafa nasa kaɗai yana ƙara sifiri. Kuma 'yan sanda ba sa jin nauyin ambaton ƙabilar wanda ake zargi in suna holinsa gaban 'yan jarida, sai in shi aka kashe ake cewa wani mutum. Sunayen nan ba ɓoyayyu ba ne. Mai unguwa ya san su, hakimi ya san su, arɗo ya san nasa, limamin da ya yi musu sallah yana nan da rai. Ofishin da zai karɓa ya ajiye ne ba a buɗe ba tukuna.